Farar Sandar Yayana

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, yayana ya gama kwalejin malamai a Kano ya dawo Gumel da akwati ɗaya da wani buri da babu wanda ya gane kansa a gidanmu. Wai a can ya ga wani mutum tsaye a gaban 'yan badujala, ba ya busa, ba ya kiɗa, siririyar sanda kawai yake juyawa, kuma mutum arba'in na binsa. Tun daga ranar ya ce shi ma abin da zai zama ke nan.

Ya yanko reshen sabara, ya fere shi, ya shafe shi da farar ƙasa. Kullum da la'asar sai ya tsaya a tsakar gida ya lumshe ido yana yankan iska. Ni kam abin yana burge ni. Ina ganin kamar yana rubutu ne a kan wata takarda da shi kaɗai yake gani. Inna kuwa cewa ta yi, "Idan ƙuda kake kora, matso nan wajen tukunyata ka yi mai amfani."

Aka ba shi koyarwa a wata firamare da ke kan hanyar Maigatari. Ba a daɗe ba labari ya zo cewa ranar rabon kyaututtuka wani jami'i zai zo daga Kano, yana neman malami ɗaya da za a tura koyon ilimin kiɗa. Yaya ya daina cin abinci sosai. Ya hau keke ya shiga neman makaɗa. Ya samo wani tsoho mai kalangu a kasuwar Maigatari, da mai goge daga Gagarawa, da wani Bafulatani mai sarewa daga Sule Tankarkar, da mai algaita wanda kunnensa ɗaya ya mutu. Mu 'yan mata goma muka zama 'yan amshi.

Ranar gwajin farko tsohon mai kalangu ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam ƙarami, kai ina naka kayan kiɗan?"

"Ga shi nan, Baba." Ya ɗaga sandar.

"Tana ƙara?"

"Ba ta yi."

"To, Allah ya ba ta lafiya."

Wata guda ana gwaji, babu wanda ya taɓa kallon sandar nan. Mai goge rufe ido yake yi, mai sarewa yana kallon inda ya baro shanunsa, mai algaita ba ya tsayawa sai an taɓa shi. Da Yaya ya yi ƙorafi, tsohon ya ce, "Ɗana, makaɗi ba ya kallon yaro. Babban da ke wurin shi ake kallo, don a san ko ransa ya yi fari."

Ranar taro ta zo. Aka shimfiɗa darduma ƙarƙashin dalbejiya, hakimi ya zauna da dogarawansa, baƙon Kano a gefensa da littafi a cinya. Yaya ya fito cikin farar riga, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya miƙe ya juya wajenmu, kamar yadda ya ga ana yi a birni.

"Kai! Wa kake ba wa ƙeya?" Dogari ne ya daka tsawa. Na hango Babanmu a cikin jama'a ya dafe kai da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, aikin ne haka, sai na fuskanci makaɗa."

"Makaɗan sun fi hakimi ne? Juyo!"

Yaya ya juyo. Yanzu mu ne a bayansa, ba ya ganin ko ɗayanmu. Na ga gumi ya jiƙa masa riga. Na ji kamar in yi kuka, domin na san wata guda na wahala da tafiyarsa duk sun tafi. Amma bai da abin yi. Ya dunƙule hannu a kan sandar, ya ɗaga ta sama.

Hakimi ya ga saurayi a gabansa ya ɗaga dunƙulallen hannu. Abin da ya sani da wannan ɗaya ne, jinjina. Shi kuwa dattijo ne da ba ya ƙin amsa gaisuwa. Sai ya ɗaga nasa hannun. Dogarai suka ce, "An gaishe ka!"

Makaɗa, waɗanda idonsu ke kan hakimi, suna ganin hannunsa ya tashi suka fara tare, karo na farko a duniya. Yaya ya sauke hannu, hakimi ya sauke, kiɗa ya yi ƙasa. Ya sake ɗagawa, hakimi ya amsa, kalangu ya tashi. Daga inda nake na ga kafaɗun Yaya sun saki, na gane ya fahimci abin da ke faruwa. Ya shiga jan hannu a hankali, goge ya bi shi kamar ruwa a kwari, sarewa ta hau kai, mu kuma muka shigo da amshi daidai wurinmu. Dogarai tun suna "An gaishe ka" da ƙarfi har murya ta dushe. Hakimi ya sauya hannu sau biyu. Da Yaya ya tsayar da sandar cak, hakimi ya ajiye hannu a gwiwa da ajiyar zuciya, kowa ya yi shiru, har mai algaita.

Baƙon Kano ya rufe fuska da littafinsa, kafaɗunsa na rawa. Mako uku bayan haka takarda ta zo da sunan Yaya.

Ranar da zai tafi Babanmu ya kai shi sallama wajen hakimi. Da suka dawo na tambaya me aka ce. Baba ya ce hakimi ya sa albarka, ya yaba ladabinsa ƙwarai, sannan ya murza kafaɗa ya ce a gaya wa yaron, a can inda za shi, gaisuwa ɗaya ta isa.