Ranar da 'Yata Ta Bi Masu Kura

A shekarun da muka zauna a Hausari, kowa a layinmu ya san ba na fita da rana. Wasu sun ɗauka kulle ne, wasu suka ce girman kai. Kaɗan ne suka san cewa rana ce ba ta yi da jikina.

Abin ya faro ne bayan na haifi 'yata, lokacin ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Da ƙafa nake zuwa, da ƙafa nake dawowa. Sai wani ja ya fito mini a kumatu biyu, ya haɗe ta kan karan hanci, yana raɗaɗi kamar an goga barkono. Gaɓoɓina suka riƙa kumbura da safe, gashina yana bin mataji. An ce ƙyasfi ne, an ce sammu ne, wata ma a ofis ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah in daina shafa man bilicin. Na sha saiwoyi, na sha rubutu. Sai da aka kai ni babban asibiti, aka yi ta ɗibar jinina, sannan wani likita ya faɗi sunan ciwon: lufus. Ya ce jikina ne ke faɗa da kansa, ba a ɗauka daga wani, ba ya kuma warkewa, sai dai lallaɓawa. Ya ba ni ƙwayoyi da wani farin man shafawa mai kauri. Ya nuna taga da biro ya ce, "Daga hantsi zuwa la'asar, kada ranar nan ta gan ki."

Na dube shi kawai. A Maiduguri yake faɗa mini haka.

Na bar aiki, don har dogayen fitilun ofis sai da suka koma ƙona mini fuska. Maigidana ya sayo mini keken ɗinki, na ɗinka wa tagoginmu labule masu nauyi. Wanki da shanya tun asuba nake gamawa. Kasuwa sai rana ta yi sanyi, shi ma da lafaya mai kauri, da safa, da baƙar lema. A haka fuskar ta lafa, sai 'yan tabo da suka rage.

Da 'yata ta shiga firamare, maƙwabciyata ta ɗauke mini nauyin kai ta da ɗauko ta. Kirista ce daga kudancin Borno, mijinta malamin makaranta, katanga ɗaya ta raba mu. Babbar 'yarta, wadda tawa ke kira Yaya, ita ce ke riƙo hannun tawa su tafi tare, su dawo tare.

Ranar da nake son faɗa cikin bazara ce, a tsakiyar shekarun tamanin. Irin zafin da kaji ke buɗe baki suna haki a gindin randa. Maigidana ya tafi Dusuman tun da sassafe sharar gona. Ina kan keke ina haɗa wata riga, na ji hayaniyar yara sun taso daga makaranta. Na jira in ji ƙarar ƙyauren gidanmu. Shiru. Na ci gaba da taka keken, ina cewa ko ta tsaya shan ruwa a maƙwabta. Hayaniyar ta wuce, layi ya yi tsit.

Na je jikin katanga na ɗaga murya. "Maƙwabciya! Yarinyar nan tana wajenku?"

Na ji ta tambayi 'yarta, na ji yarinyar ta fashe da kuka. Kafin in juya, maƙwabciyata ta shigo tana ɗaura ɗankwali.

"Wai an tashi ta nemi taki ba ta gan ta ba, ta ɗauka ta riga ta yin gaba. Ki kwantar da hankalinki. Zan bi ta hanyar kasuwa, can yara ke tsayawa kallo."

"Bari in ɗauko lafaya."

"Ki ɗauko ki je ina? Kin ga ranar nan kuwa? Don Allah ki zauna. Idan ta dawo ta tarar da gida ba kowa fa?"

Ta fita da sauri. Na zauna a bakin gado, na tashi, na leƙa zaure, na dawo. Hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙyaure fari ne tas, har yana soke ido. A kwanakin ana ta jita-jitar masu satar yara, kowace mace da ta kawo ɗinki da irin labarin da take zuwa da shi. Duk suka dawo mini kai lokaci guda. Da na ji an kira azahar kuma ba ita ba maƙwabciyata, sai na finciki lafayar da ke kusa. Shara-shara ce, ta zaman gida. Ban tuna da man shafawa ba. Lema kawai na ɗauka, na ce wa 'yar maƙwabciya ta zauna a zaurenmu kada ta motsa.

Na daɗe rabona da ganin garin a irin wannan lokaci. Yashi yana ƙuna ta cikin silifa. Lemar ta tare sama, amma hasken yana tasowa daga ƙasa da jikin katangu yana dukan fuskata. Ina bin inuwar dogon yaro, daga wannan bishiya in ruga zuwa waccan, sai na ga hakan yana cinye mini lokaci, na miƙe tsakiyar hanya.

Makarantar a rufe take. Maigadi yana kwance a kan benci, ya rufe fuska da hula. Na yi sallama, na kwatanta masa yarinyar: 'yar aji ɗaya, siririya, da kitso biyu, da wushirya.

"Yara duk sun watse, Hajiya. Na duba azuzuwa kafin in kulle." Ya tashi zaune. "Sai dai ko masu kura. Sun wuce ta nan dab da tashi, da ganga da biri. Yara da yawa sun bi su."

"Ta ina suka yi?"

Ya nuna hanyar Limanti da haɓa.

Ban san lokacin da na fara sassarfa ba. 'Yata ba ta taɓa wuce makarantar nan ita kaɗai ba. Ko sunan unguwarmu idan an tambaye ta sai ta yi tunani.

Tambaya na riƙa yi ina tafe. Wani tela ya ce ya ji ganga, bai ɗaga kai ba. Mai gyaran keke ya ce sun karya kwana ta wajen famfo. Na rufe fuskata da lafaya har hanci, mutane ba sa jin abin da nake cewa, dole na sauke ta. A lokacin kumatuna sun riga sun ɗau wuta, ina jin fatar tana ɗaurewa. Wani mai tireda da na matsa kusa da shi ya kalle ni, ya ja da baya, ya janye tiren burodinsa.

"Baiwar Allah, yi maganarki daga nan."

Na san abin da yake zato, kuturta. Da wata rana ce, da na koma gida na yi kuka. Ranar ko a jikina. Na tsaya inda ya ce, na yi tambayata, ya nuna mini lungu, na wuce.

Gwiwoyina suka fara. Kowane taki kamar ana soka mini allura a gaɓa. Idanuna suna zubar da ruwa, ina ganin komai da wani farin zobe a gefensa. Hannun da ke riƙe da lema ya sage, na mayar ɗaya hannun, shi ma ya sage. Na naɗe ta na maƙale a hammata. Na san abin da nake yi wa kaina. Na riƙa cewa, Allah ka bar mini ƙafafun nan har in gan ta, abin da ya biyo baya na ɗauka.

Na tarar da masu kurar a gindin wata babbar bishiya kusa da wani masallaci a Limanti. Sun ajiye ganga suna cin abinci. Kurar tana kwance da takunkumi da sarƙa, tana haki, warinta ya cika wurin. Yara sun yi zobe daga nesa. Na shiga cikinsu ina juyo da fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu irin rigar makarantarsu, amma ba ita.

Na je gaban babban cikinsu, mai warki da layu. "Malam, wata yarinya 'yar ƙarama ta biyo ku, mai kitso biyu."

Ya buɗe hannuwa. "Hajiya, tun safe yara ke bin mu. Wace zan ce miki?"

Na tsaya. Hanya ta rabu uku a wurin, kuma ba ni da ƙarfin bin ko ɗaya. Na kira sunanta da iyakar muryata. Kurar ta ɗaga kai, yara suka yi dariya. Na sake kira.

Wata mata mai sayar da ardeb, ruwan tsamiyar nan mai sanyi, ita ce ta taso daga inuwa ta kama mini hannu.

"Mai rigar makaranta? Tana kuka tana kiran Ummanta?"

"Ita ce. Ina take?"

"Birin ne ya yi tsalle kanta, ta tsorata ta ruga. Wata tsohuwa ta ɗauke ta. Ga gidan can, mai shuɗin ƙyaure."

Ban tuna yadda na tsallaka titin ba. Na tuna dai ban yi sallama ba sai da na kai tsakar gida. Wata tsohuwar Barebari tana zaune a rumfa tana tsinke ganye a faifai, ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga ɗaki. A gefenta, kan tabarma, 'yata ce kwance tana barci, bakinta a buɗe, jakarta a matsayin matashi.

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi yarinyar. Hausarta kaɗan ce.

"Wushe, wushe. Fero naka ne?"

Na gane yarinyar take nufi, na gyaɗa kai. Na durƙusa don in taɓa ta, sai ƙafafuna suka ƙi tashi. Rumfar ta juya. Na ji tsohuwar tana ƙwala wa wani kira da Barbarci.

Da na dawo hayyacina ina cikin ɗaki mai duhu, an shimfiɗa mini jiƙaƙƙen zane a fuska. Tsohuwar ce ke cire shi, ta tsoma a ƙwarya, ta matse, ta mayar. Da hannunta take taɓa kumatuna, ba ƙyama. 'Yata ta farka ta maƙale a jikina tana kuka ƙasa-ƙasa. Na yi niyyar dukanta tun a hanya, amma ko ɗaga hannu ban iya ba. Surukar tsohuwar, wadda ta ji Hausa sosai, ta ce sun yi ta tambayar yarinyar gidansu, abin da kawai take cewa shi ne kusa da gidan su 'yar maƙwabciya. Sun shirya idan rana ta yi sanyi a kai ta wajen mai unguwa.

Na ce zan tafi, ana can ana nema. Tsohuwar ta dafe ƙirjina ta mayar da ni kwance. Sai bayan la'asar ɗanta ya samo tasi har ƙofar gida.

Mun tarar da layinmu cike da mutane. Maƙwabciyata ta zagaye kasuwa ta dawo ta sake fita, muryarta har ta dushe. Ta rungume yarinyar, sannan ta ɗago ta ga fuskata, ta dafe baki.

"Wayyo, maƙwabciya. Ai na ce ki zauna."

Maigidana ya dawo dab da magariba, da ƙasar gona a ƙafarsa. Aka ba shi labari a zaure. Ya shigo ya tsaya a kaina yana duban fuskata. Daga baya ya ce, "Gobe da asuba asibiti."

Kafin gari ya waye fuskata ta kumbura har idanu sun kusa rufewa. Ƙuraje masu ruwa suka feso a goshi da wuya da bayan hannu, duk inda rana ta samu. Bakina ya yi gyambo, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Zazzaɓi ya rufe ni, ƙafafu suka haye. Aka ba ni gado. Likitan da ya san ni ya duba, ya ce yana tsoron kada abin ya taɓa ƙoda. Ya tambaye ni me ya fitar da ni. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge, bai yi mini faɗa ba, ya dai ƙara yawan ƙwayoyin. Kwanakin da muka yi muna jiran sakamakon gwajin fitsari, maigidana ko gona bai leƙa ba.

Abin da ya fi ciwon damuna shi ne 'yata. Duk lokacin da aka kawo ta sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi ƙarasowa. Na ɗauka fuskata take tsoro. Maƙwabciyata ce ta gano cewa wata cikin masu zuwa dubiya ta ce mata, "Kin ga abin da kika ja wa uwarki."

Na sa aka ɗora mini ita a kan gado. Tana ta kallon ƙasa.

"Dube ni," na ce. "Ciwon nan tun kina goye nake da shi. Ba ke kika sa mini ba. Kin ji?"

"To in kin mutu fa, Umma?"

"Ba yanzu ba, in Allah ya yarda. Amma kada ki ƙara sakin hannun yayarki."

Ta gyaɗa kai. Ta kai yatsa a hankali ta taɓa gefen kumatuna inda ɓawo ya fara bushewa, ta tambaya ko da zafi. Na ce kaɗan.

Ƙodar ta tsira. An sallame ni bayan ruwan farko ya sauka. Fuskar ba ta koma yadda take ba. Wani baƙin tabo ya zauna a goshina da bayan hannun dama, yana nan har yau, gashin gaban kaina kuma bai sake fitowa sosai ba.

Wata ranar Juma'a da yamma, hadari ya rufe gari, muka shiga tasi ni da maƙwabciyata da 'yata muka tafi Limanti. Na ɗinka wa tsohuwar riga da zane. Ta karɓa ta juya su tana dariya, ta gwada a jikinta, rigar ta yi mata yawa. Ta ce wani abu da Barbarci, surukarta ta fassara: wai in ba ta tsufa haka ba da ta cika ta. Na ce ta kawo in rage. Ta ƙi bayarwa. Ta sa aka kawo mana shayi, muka zauna a rumfa har yayyafi ya fara, sannan muka yi sallama.