Ya Tafi Fadama

A ƙauyenmu, can bakin kogi wajen Auyo, in ka yi sallama da maigida, abin da za ka fara ji daga cikin gida shi ne "Ya tafi fadama," ko da kuwa kana jiyo tarinsa. Sai ka faɗi ko kai wane ne, sannan ya fito. Baƙi kan ɗauka wulaƙanci ne. Ni kam na san mafarin abin, domin a kaina aka fara.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne, ana ɗibar maza ala tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Ban wuce shekara takwas ba. Ina wasa a ƙofar gida da hantsi, sai ga dogari, ƙafafunsa duk laka. Ya tsuguna, ya yi mini murmushi.

"'Yanmata, Baffanki na ciki?"

"Yana ciki, yana gyaran taru," na ce. Har da guduna na je na kira shi.

Baffa ƙanen mahaifina ne, masunci, bai fi wata biyar da aure ba. Ya fito da zare a hannu, ya ga dogari, ya dube ni. Bai yi gardama ba. Ya ce da mahaifina, "Yaya, kwalekwalena yana gaɓa, kada a bar shi a rana ya tsage." Aka haɗa su su huɗu aka tafi da su.

Ba wanda ya dake ni. Da la'asar kakata ta tara matan unguwa, ta ce daga yau duk wanda ya zo neman namiji, a ce ya tafi fadama. In ruwa ya malale, ba baƙon da zai iya shiga cikin shinkafa neman mutum. Ta zaunar da mu yara muka yi ta maimaitawa kamar karatu, muryata ta fi ta kowa ƙarfi.

Bayan girbi mutum uku suka dawo, ɗaya yana tarin jini. Shi ya ce sanyin dutse ya kama Baffa a ƙirji, can suka binne shi cikin bargonsa, ba likkafani.

Amaryarsa ta gama takaba, danginta suka zo daga Kafin Hausa ɗaukarta. Ta bi kowa ɗaki ɗaki ta yi bankwana. Ni na ɓuya bayan rumbu, ta biyo ni har can, ta tsaya a kaina. Na jira ta yi magana. Ta gyara mini ɗaurin kallabi, ta juya ta fita.