Yadda Kaka Arzika Ya Tace Mini Tallan Fim

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a hannun kakana Malam Arzika ya san abin da zan faɗa tun kafin in buɗe baki. Kowa a Aliero in zai cika buhu, manya-manya masu sheƙi yake jerawa a baki, don mai saye ya gani ya haɗiyi yawu. Shi kuwa Kaka sai ya miƙe ƙafa ya tsince 'yan ƙanana, 'yan firit-firit, ya zuba su a sama, manyan ya danne su can gindi. Shi ya sa aka sa masa Ƙanana-Sama, kuma wallahi ko a jikinsa. In ka yi masa magana sai ya ce, "Wanda yak kai gindin buhu shi ka dariya." Shi kansa kuwa ba ya yin dariyar. Ku da kuka zauna da shi ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya taɓa ganin haƙoransa a waje?

Da a albasa abin ya tsaya ma da sauƙi. Mamata ta ba ni labarin ranar da aka je Karaye nema wa babana aurenta. Ai ba uba ke zuwa ba, amma Kaka ya ce da ƙafarsa zai je, kada a tafi a zuba wa bayin Allah ƙarya. Ana gama gaisuwa ya gyara zama ya ce, "Yaron ga barci gare shi. Ga ci. In anka aike shi Jega da hantsi, sai la'asar. Kuma kunnenai guda bai ji in ana zancen aiki."

Waliyyin Mama ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "To Malam, abin kirkinsa fa?"

"Yana can ƙasa. Ku ba shi ku gani."

Aka kuwa ba shi! Har yau in Baba ya ɓata wa Mama rai takan ce tana nan tana tono, ba ta kai gindin buhun ba tukuna.

To, wannan mutumin ni Nafisa, da hankalina, na ɗauko na sa a fim.

Muna ajin ƙarshe a sashen aikin jarida, akwai wani kwas da kowa zai yi ɗan gajeren fim, amma kafin fim ɗin sai ka fara kawo tallansa, wato ɗan guntun nan na minti guda da ake nunawa don a kwaɗaita wa mutane kallo. Malaminmu ya ce a kan tallan zai ba da mafi yawan maki. Ni kuwa kwas ɗin nan ya riga ya kayar da ni bara. In ya sake, ƙawayena su fita su bar ni, in ƙara shekara guda cur a kan kwas ɗaya. Tsoro nake ji ba na wasa ba. Aka haɗa ni da wani Sadiƙu ɗan Jega Firchin, shi ke riƙe kyamara, ni ke tsarawa da tacewa. Na ce masa mu yi a kan Kaka da albasarsa, ba wanda zai kawo irin namu. A nan dai ban yi ƙarya ba.

Na same shi a zaure na ce, "Angona, fim zan sa ka."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Amarya, an rasa masu kyau garin ga?"

"An rasa masu taurin kai dai."

Ya yarda. Ranar ɗauka na ce ya sa farar shaddarsa ta sallah. Sai ga shi ya fito da wata tsohuwar taguwa da ko aljihu ba ta da shi, wai kada mutane su zata haka yake kullum. Muka je fadama, ya sunkuya ya tuge albasa, ya kaɗe ƙasa, ya ɗaga ta sama, abin gwanin kyau. Sai Sadiƙu ya ce, "Af! Kaka, sai yanzu na danna. A sake."

"A sake mi?"

"Tugewar."

"In maida ta rami in sake hiddo ta? Ni na yi nawa, kai na ba ka yi naka ba. Hau gaba."

Haka muka yi ta fama. Iska ta kayar da kyamara, akuyar maƙwabta ta cinye soson makirfo, Kaka ya bi ta da sanda yana faɗa mata tarihin uwarta. Duk an ɗauka, don tun daga ranar Sadiƙu ya daina kashe kyamara.

Sai rana ta ƙarshe Allah Ya ba mu abin da muke nema. Muna zaune a bakin rudu, rumfar karan nan da ake ajiye albasa ta sha iska, na rasa tambaya, sai na ce ya ba ni labarin kakata marigayiya Kulu. Ya juya ya dubi rudun. Can ya ce, "Matar ga ta wahal da ni. In na jera ƙanana sama na tahi masallaci, ta bi baya ta maido manya. In dawo in sake. In juya, ta sake. Buhu guda sai shi kwana shi wuni bai bar gida ba. Ran nan na laɓe bayan rudun ga don in kama ta, ashe ita ma ta laɓe ɗaya gehen tana jiran in tahi. Munka yi ta zama, rana na dukanmu, har kunun da taɗ ɗora yaƙ ƙone." Yana kai nan sai dariya ta ƙwace masa. Jama'a, dariya! Har da buga cinya, har da hawaye, ga haƙora nan reras ashe duk suna nan. Sadiƙu ya dube ni, na dube shi. A raina na ce shi ke nan, na ci kwas.

Na zauna na yi tacewa ta ƙwararru. Na buɗe da fitowar rana a kan fadama, na sa hannun Kaka cikin jar albasa, na bi da ɗan kiɗa a hankali, na rufe da dariyar nan. Ni kaina da na kalla sai da tsigar jikina ta tashi. Don zumuɗi na ɗauki kwamfuta bayan azahar na kai masa zaure.

Ya kalla tsaf. Da ya ƙare ya ce, "Wanga shi na fim ɗin?"

"A'a, talla ne. Ana tsinto wuraren da suka fi kyau a nuna, don mutane su zo kallon sauran."

"Sauran da ba su kai waɗanga kyau ba?"

Nan na san na taka sawun ɓarawo. Na ce, "Kaka, haka ake yi a duk duniya."

"Awo. Haka aka yi kasuwa ma. Kin jera manya sama, da huskata. Ban yarda ba."

Na roƙa, na yi magiya, na ce masa shekara guda ta rayuwata ce a kan dariyar nan. Har kuka na yi, na gaske, ba na shagwaɓa ba. Ya miƙo mini gefen rawaninsa in share hawaye, amma ya ce, "Dariyar ga ta gindin buhu ta. Wanda yay yi haƙuri da tsoho har ƙarshe shi ka ganin ta. Ina akuyar nan? Sa ta."

Da na gaya wa Sadiƙu sai ya ce ai abu mai sauƙi ne, mu yi talla biyu, na akuya mu nuna wa Kaka, mai kyan mu kai wa malam. Ban ma gama juya maganar a raina ba sai ga saƙo daga zaure: a gaya wa amarya ranar gabatarwa da shi za a je. Na je na ce, "Kaka, aji ne fa, ba kasuwa ba."

Ya ce, "Jinin Kulu ta ke. Ina juya baya kina maido manya sama."

Ya kuwa zo! Ɗan acaba ya sauke shi a ƙofar aji, da taguwar nan, ya wuce ya zauna a layin gaba ya dogara sanda. Aka yi ta nuna na mutane, masu kiɗa, masu harbe-harbe, masu soyayya. Aka zo kanmu. Ga kyamara ta faɗi, sama ta koma ƙasa. Ga akuya tana tauna. Ga Kaka yana ce wa Sadiƙu, "Kai na ba ka yi naka ba." Daga ƙarshe ya dubi kyamara fuska a murtuke ya ce, "Fim ɗin ga ba komi cikinai sai albasa da tsoho. Mai aikin yi shi tahi aikinai."

Aji ya kece da dariya, har da masu faɗowa daga benci. Ni dai kaina na ƙasa. Malam ya cire tabarau ya goge, ya ce sauti bai fita ba, yankan ya yi gaggawa, kuma tunda yake koyarwa bai taɓa ganin tallan da ke korar masu kallo ba. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ina son in ga fim ɗin, kuma aikin talla ke nan." Ya ba ni maki na tsira da mutunci, ɗan kaɗan sama da faɗuwa. Na haye da ƙyar, kamar akuya ta tsallake kwata.

A hanya ina ta ƙunƙuni, na ce da dariyar na sa da na fi kowa. Kaka ya ce, "Malamin ga mutumin kirki na. Ƙanana yas sa miki sama."

Kaka bai ga fim ɗin ba. Farkon damina ya kwanta, ciwon da bai ɗauki lokaci ba, Allah Ya karɓi abinSa. Bayan an share makoki, ran nan da la'asar 'yan uwa na Maiyama da na Jega ba su gama watsewa ba, aka ce in kunna musu. Tallan kaɗai suka sani, don ya zaga wayoyi, kowa akuya yake jira. Aka yi ta dariya ana cewa, "Shi ne wallahi, Ƙanana-Sama ba dama!" Har aka zo bakin rudu. Da ya fara labarin Kulu kowa ya kasa kunne, da dariyar ta ƙwace masa kuwa sai na ji goggonnina sun fashe da kuka. Babana, wanda ya yi furfura bai taɓa ganin mahaifinsa haka ba, ya matso dab da kwamfutar ya ce, "Nafisa, mayar baya." Na mayar. Ya ce, "Ƙara." A ranar na gode wa Allah da ban watsar da dariyar nan a waya ba, ta jira masu ita.

Ina kewarka, angona, mai taurin kan tsiya. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya sa duk daɗin da ka ji a duniya ƙananan ne na bakin buhu, manyan suna can suna jiranka, kai da Kulu. Amin.