Kwamfutar Alhaji Sule Mai Hatsi

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Sule mai hatsi ya shigo shagonmu a Funtuwa ba. Lokacin kaka ne, ina aikin haɗa kwamfutoci a ƙarƙashin Oga Emeka, wanda a garin aka haife shi, Hausa kuwa a bakinsa ta fi ta wasunmu. Alhaji daga Dayi ya taho tare da 'yarsa Rukayya. Za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake yi, ita kuwa ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ya ce mu haɗa masa ta gida, mai araha, amma ba ya son tarkace.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, kwamfutar tebur haɗa ta ake yi. Akwai babban faifan da komai ke hawa kansa, da ƙwaƙwalwa, da ram mai sa ta saurin aiki, da ma'ajiyar bayanai, da akwatin wuta, sai gidan da za a zuba su. Don karatu da buga rubutu, kayan hannu masu lafiya sun wadatar. Akwatin wuta ne kawai Oga ya hana mu sa tsoho, domin in ya ƙone yakan tafi da sauran.

Na jera kayan a tebur. Alhaji ya naɗe hannun riga ya fara ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana jinjinawa, kamar yadda yake gwada masara a kasuwa. Da ya zo kan ma'ajiya sai aka samu matsala. Na zaɓar masa ƙarama ta zamani, shi kuwa ya hango tsohuwa mai nauyi a cikin kwali.

Ya ce, "Malam Nura, wannan 'yar falalen ko nauyin goro ba ta yi ba. Ba ni waccan mai ƙiba."

Na yi bayani har bakina ya bushe, ya ƙi. Sai Oga ya taso ya ce a haɗa duka biyun a kunna su tare, Alhaji ya gani da idonsa. Ƙaramar ta buɗe nan take. Mai ƙibar kuwa tana ta gurnani har Alhaji ya amsa waya, ya yi cinikin dawa da wani a Kafur, ya kashe, ba ta gama tashi ba. Ya dube ta ya ce, "Ashe raguwa ce."

Ya yarda da ƙaramar, amma da aka zo kan gida ya kafe. Akwai wani ƙaton gida tsoho da muka rasa mai saye, shi ya nuna, ya ce in baƙi sun shigo falo su san an sayi abu. Da yake ya fi araha, Oga ya ƙifta mini ido. Da na gama ɗaurawa Alhaji ya leƙa ciki, ya ga kayan sun maƙale a gefe guda, sauran duk fili.

"Wannan ai rabin buhu ne!"

Na ce masa wurin iska ne, fanka na buƙatarsa. Amma na ga abin bai kwanta masa ba.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa sai Rukayya ta kira shago. Ta ce kwamfutar tana mutuwa da kanta da zarar ta fara gwajin tambayoyi. Alhaji ya karɓe wayar ya ce mun sayar masa da mushe, kuma zai faɗa wa duk 'yan kasuwar hatsi. Oga ya ce in hau babur yanzu-yanzu, kada sunan shagonmu ya ɓaci.

Na isa Dayi bayan azahar. Na taɓa gidan kwamfutar na ji zafi kamar murfin tukunya. Ina kwance murfin sai ga ledoji cike da irin waken suya, an jera su tsaf har bakin fanka, ɗaya ma ta fashe.

Rukayya ta dafe kai ta ce, "Baba!"

Alhaji ko a jikinsa. Ya ce, "Iri ne mai tsada, ɓeraye sun dame ni a sito. Nan kuwa ƙarfe ne, ga ɗumi. Wurin da na saya zai zauna banza ne?"

Na kwashe ledojin, na tsince wake daga cikin fanka, na kunna. Ta tashi lafiya lau. Rukayya ta zauna tana ta gwaji har na yi sallama ba ta ɗago ba. Alhaji ya raka ni bakin ƙofa, ya ɗaura mini kaji biyu a bayan babur, ya ce kada Oga ya ji zancen wake. Kafin in iso Funtuwa Rukayya ta riga ta faɗa wa Oga a waya, na tarar da shi yana dariya har da hawaye. Yarinyar ta ci jarrabawarta, yanzu tana karatun aikin jinya.

Abin da nake so ku yaran shago masu koyon wannan aiki ku riƙe shi ne, kaya masu araha ba su cika ba mu kunya ba in an zaɓe su da kyau. Mai saye ne ya kamata ku karanta. Mai hatsi bai saba ganin wuri a rufe babu komai ciki ba. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo na ji yana zancen buhu da tiya, ƙaramin gida nake ba shi, in kuma ɗaure murfin da kyau.