Littafin da na tsallake a zauren mahaifina

A shekarar da aka buɗe masaƙa a Kakuri na kammala makarantar horon malamai ta mishan. Na dawo Kaduna ina koyarwa da safe, da yamma kuma ina wa'azin bishara a bakin tashar jirgin ƙasa. Ma'aikatan reluwe sukan tsaya su saurare ni, waɗansu su yi dariya su wuce, ban taɓa jin kunya ba. Amma mutum ɗaya nake ƙishin ya ji ni, wato mahaifina, maƙeri a Makera, Musulmi mai tsare salla. Bai kore ni ba da aka yi mini baftisma, bai kuma sake yi mini zancen addini ba.

Shekara uku ina roƙonsa ya bar ni in karanta masa ko da aya goma ce. Kullum sai ya mai da abin wasa.

"Malamin mishan," yakan ce, "kai da ko zugazugi ban gama koya maka ba, kai ne za ka koya mini Allah?"

Wata Asabar, yana wasa lauje, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Gobe bayan la'asar ka zo da littafin naka, in ji abin da ya raba ka da guduma."

Da na iso na tarar ya yi wanka, ya sa farar riga, ya shimfiɗa tabarma a zaure. Har alwala ya sake, domin a ganinsa ba a sauraron littafin da ya ambaci Annabi Isa sai da tsarki. Na tuɓe takalmi na zauna. Inna ta miƙo fura daga bakin ƙofa, sai na ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa, kusa da takalmina, na miƙe, na tsallake shi, na karɓo ƙwaryar.

Ban ma san na yi ba. A makaranta ƙarƙashin benci muke ajiye shi, Baturen da ya koyar da mu kuwa yakan ce tsarkin yana cikin maganar, ba cikin takarda ba. Na manta cewa a gidan nan Alƙur'ani yana rataye ne cikin gafaka, sama da kan kowa.

Baba ya ɗauki littafin da hannu biyu, ya share ƙurar da hannun rigarsa, ya buɗe. Bai iya boko ba, amma ya ga jan fensirin da na yi ta ja ƙarƙashin ayoyi.

"Wa ya yi wannan zane-zanen?"

"Ni ne, Baba."

"Kuma ka ce maganar Allah ce?"

Na shiga bayani da dukan ƙarfina, irin wanda nake yi a tasha. Ya bar ni har na ƙare.

"Ɗana, ni ba malami ba ne," ya ce a hankali, "amma ko gudumata ba na tsallakewa. In kai da ka bar mu dominsa haka ka ɗauke shi, ni me zan ji a ciki?" Ya miƙo mini. "Riƙe shi sama da cibiya. Sha furarka, kada ta tsinke."

Na sha. Ban karanta ko kalma ɗaya ba.

Bayan wannan na roƙe shi sau da yawa, sai ya ce, "Allah ya kai mu," ya ci gaba da aikinsa. Bai yi fushi ba, wasan da yake yi mini ne kawai ya daina.

Damina biyu bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na zauna a gefensa da littafin a ƙirjina, na ce, "Baba, aya ɗaya kawai." Ya dube ni ya daɗe, ya dafa gwiwata, ya girgiza kai, sannan ya ce in ba shi ruwa. Kwana huɗu bayan nan aka kai shi makwancinsa, ni kuwa na tsaya bayan sahu har aka idar da sallar jana'izar.