Mai Wankan Gawa a Sanyuanli

Abdul-Gafaru mutumin zangon Kumasi ne, ɗan gajere mai tattausar murya. A unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou, can ƙasar Sin, sana'arsa ɗaure dilar wandon jins da ake kawowa daga Xintang zuwa kasuwar Canaan. Amma abin da aka fi saninsa da shi wankan gawa. Duk baƙon da ya rasu cikin 'yan Afirka, shi ake kira, domin a mutuwaren asibiti sai an nuna fasfo, mutane da yawa kuwa bizarsu ta ƙare. Amininsa Harouna, ɗan Maradi, shi ke zuba masa ruwa.

Ran Lahadi da yamma yakan dafa shinkafa da wake ya bar ƙofa a buɗe. Ɗan Izala ya zauna kusa da ɗan ɗariƙa, ga Kiristoci 'yan Inyamurai, ga wata tsohuwa 'yar Sin mai sharar bene. Kafin a sa hannu, kowa ya gode wa Mahalicci yadda ya iya. Wani Bature malamin Turanci ya taɓa gaya masa cewa a ƙasarsu ana ce wa irinsa Yunitariyan, wato masu ibada da kowa ba tare da bambanta addini ba. Dariya ya yi.

"Ni dai Allah ɗaya na sani," in ji shi. "Kuma bai ɗauke ni gadin ƙofarsa ba."

A 2007 zuciyarsa ta buga yana tsakiyar aiki, ya rasu. Alhaji Izzuddeen, mai tura kaya a jirgin ruwa, wanda jama'a ke jin maganarsa, ya ce wanda ya haɗa addu'a da kafirai ba a yi masa salla. Mutane suka janye. Harouna shi kaɗai ya wanke amininsa yana kuka, shi kaɗai ya sallace shi. Tun daga ranar bai ƙara amsa sallamar Alhaji ba.

Da damina ta zagayo, ƙanin Alhaji ya rasu ranar wata Laraba. Alhaji bai taɓa taɓa gawa ba, yaransa kuma babu mai takardar shiga asibiti. Ya zo har rumfar Harouna, ido jawur.

"Malam Harouna, don Allah. Ƙanena ne."

Harouna bai daina naɗe wanduna ba.

"Zan wanke shi, Alhaji. Amma sai jibi ka tsaya a ƙofar masallacin Huaisheng bayan an sallame Juma'a, ka ce wa jama'a Abdul-Gafaru musulmi ne, kai ka yi masa ƙazafi."

"Har jibi? Yaron yana cikin ƙanƙara. Ka ji tsoron Allah."

"Nawa ma ya kwana a ciki, yana jiran ku."

Harouna ya san da Abdul-Gafaru ne, da tuni ya ɗauki sabulu da likkafani ya bi bayan Alhaji. Ya san haka sarai. Duk da haka ya jawo wani wandon ya karkaɗe.

"Sai Juma'a, Alhaji," ya ce.