Ƙarfen da Baba Ya Ɗaura Wa Motata

Ni direba ne, ɗan direba. Daga tashar Gusau nake lodi zuwa Tsafe, wani lokaci Bungudu. Aikina da tsari nake yin sa: in duba ruwa, in duba baƙin mai, in zagaya tayoyi, sannan in yi bisimilla in tayar. Fasinjan gaba kuwa sai ya ɗaura bel, in ya ƙi mu wuni a tasha.

Motar da na fara ja ta mahaifina ce, irin ta da, ƙarfe zalla. A cikinta ya rasu. Ya kauce wa shanu ya daki bishiya, sitiyari ya same shi a ƙirji. Ita motar ba ta ji wani jiki ba. Amininsa, wani tsoho mai gyaran bodi a bayan tasha wanda nake kira Baba, shi ya buge ta da guduma har ta miƙe, ya ba ni makulli ya ce in je in riƙe gida.

Da fetur ya yi tsada sai ta gagare ni, don abin da na samo a wuni ita ke shanyewa. Na sayar da ita na sayi ƙarama ta zamani. Jikinta ba kauri, in ka danna ƙofa da babban yatsa sai ta lotsa ta dawo, bambarta ma roba ce. Amma ba ta da nauyi, ba ta kuma shan mai. Na kai wa Baba ya sa albarka.

Ya zagaye ta, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can.

"Wanga gwangwanin madara ka sawo? Ko akuya ta yi mata atishawa ai ta lotse."

"Baba, ba ta shan mai."

"Kai ma in ka bar cin tuwo ai ka rage nauyi. Bar min ita nan, ka dawo gobe."

Da na dawo na tarar ya gitta mata bututun ƙarfe mai kauri a gaba, daga wannan fitila zuwa waccan, ya haɗa shi da ƙashin motar da walda, ya shafe shi da baƙin fenti. Aiki ne mai tsafta, babu inda ya karkace. Ya dafa shi ya ce, "Na rasa ubanka a hanyar ga. Ba ni rasa ka."

Na yi godiya, kuma har zuciyata na yi ta.

Abin da na fara lura shi ne gabanta ya yi nauyi, tana duƙawa a rami, shan mai ya ɗan ƙaru. Wannan da na jure. Sai wani abokin aikina mai irin motata ya yi karo kusa da Tsafe. Na je na ga motar. Gabanta ya naɗe har kusa da gilashi, amma mazaunin direba na nan yadda yake, ƙofofi na buɗewa. Shi kansa yana tsaye gefe yana faɗa da mai janwen da ya zo jan motar, ba abin da ya same shi sai shatin bel a kafaɗa.

Na tambayi makanikan da ke aikin irin waɗannan motoci. Suka ce da gangan ake yin gaban ya naɗe, don ya shanye dukan kafin ya iso ga mutane. In ka ƙarfafa shi ya ƙi naɗewa, dukan ciki zai wuce. Suka ƙara da cewa mai babur ko mai tafiya ƙasa da ƙarfen ya taɓa, sai dai a yi masa addu'a.

A nan na tuna motar mahaifina, yadda ta fito kusan lafiya lau.

Na yi niyyar zuwa in yi wa Baba bayani, har na tsara maganar daki-daki. Amma duk ta inda na biyo, ƙarshenta ɗaya ne: in gaya wa tsohon nan cewa ƙarfin da yake yabo a motar amininsa yana cikin abin da bai cece shi ba. Bakina ya ƙi ɗauka. Ba kuma zan ci gaba da ɗibar 'ya'yan mutane a bayan ƙarfen nan ba. Sai na sauke fasinja a Bungudu, na sa wani mai walda da bai san ni ba ya yanke shi, na sa a but. Na daina bi ta layin Baba.

Shi ya biyo ni. Wata ranar kasuwa ina lodi sai ga shi da ɗan gwangwanin fenti da buroshi, wai damina ta kusa, kada ƙarfen ya yi tsatsa. Ya tsaya gaban motar yana kallon gurbin walda.

"Ina shi?"

"Yana but, Baba."

"Mi ya yi maka?"

"Tana shan mai da shi."

Ya jinjina kai. "Mai. To, ai man ya fi."

Na buɗe but zan ɗaukar masa, ya ce in bari, fasinja na jira. Ya saɓa ƙarfen a kafaɗa, ya bi ta tsakanin motoci yana tafiya a hankali, fentin a ɗaya hannun.

Yanzu duk Juma'a nakan je in gaishe shi. Ƙarfen na jingine a bangon garejinsa, bai sayar ba, bai yanka shi ya yi wani aiki ba. Yakan tambaye ni iyali, ya tambayi hanya, ya yi min addu'a. Motar ce kaɗai ba ya tambaya, ni kuma nesa da ƙofarsa nake ajiye ta in ƙaraso da ƙafa. A ganinsa na fifita fetur a kan raina da kuma hannunsa. Na bar shi a kan haka, ƙarfen kuwa ba zan mayar ba.